Darasi na 9: Kuɗin Asibitin Ƙauye a Kudancin Kaduna

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, gwamnatin jihar Kaduna kuma ta miƙa babban asibitin garin domin a fara aikin a cikinsa. Shi ne asibitin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 15 ga Disamba, 2012. Mutanen yankin sun yi murna, kuma da hujjarsu. Duk wanda ya taɓa kwasar mara lafiya cikin dare daga Kafanchan zuwa Jos, ko Keffi, ko Kaduna, ko Shika ta Zariya, saboda an ce masa nan ba za a iya ba, ya san darajar babban asibiti a kusa da gida.

Sai dai yawancin ciwo ba a cikin garin Kafanchan yake kama mutane ba. Zazzaɓin yaro, gudawa, naƙuda, saran maciji, hawan jinin tsohuwa, duk a ƙauyukan Sanga da Kauru da Jaba da Kaura da Zangon Kataf suke farawa, kuma ƙofar da ake fara bugawa ita ce ta ƙaramin asibitin da ke kusa. A kan wannan ƙaramin asibiti darasinmu yake. Za mu bi sawun kuɗinsa, mu ga inda suke fitowa da inda suke maƙalewa, mu kuma ga dalilin da ya sa mutum zai tarar da gini da sabon fenti, amma a rubuta masa takarda a ce ya je kemis.

Asibitin wane ne?

Asibitocin gwamnati a Najeriya hawa uku ne. Na sama su ne asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, yawancinsu Abuja ke riƙe da su. Na tsakiya su ne manyan asibitocin jiha, irin na Kwoi da Gwantu da Kachia da Kagarko. Na ƙasa su ne asibitocin matakin farko, inda ake awon ciki, da rigakafin yara, da karɓar haihuwar da ba ta zo da gardama ba, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan sun haura 30,000 a faɗin ƙasar, kuma tun asali a wuyan ƙananan hukumomi aka rataya su.

Kafin gwamnati ta kai hannu ƙauyuka, a Kudancin Kaduna mishan ne suka fi ɗaukar wannan kaya. Asibitin St. Louis na Zonkwa da makarantar koyon aikin lafiya ta ECWA da ke Kagoro suna cikin abin da ya rage na wancan zamani, kuma har yau suna aiki. Tunanin cewa gwamnati ta kai lafiya ƙofar talaka ya yi ƙarfi ne bayan taron da ƙasashen duniya suka yi a Alma-Ata a 1978. Wanda ya ɗauke shi da gaske a Najeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara gwaji a ƙananan hukumomi 52, a zamaninsa aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kuma kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992.

Hujjar danƙa wa ƙaramar hukuma ita ce ta fi kusa da jama'a. Gaskiya ne. Amma ita ce kuma mafi ƙarancin kuɗi da ƙarancin ƙwararru cikin gwamnatocin uku. Ƙari a kan haka, tsarin mulkin 1999 ya sa kason ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, don haka abin da gwamna ya sako shi ne ke isa sakatariya. Da an biya albashi, sau da yawa ba abin da ya rage na magani ko gyaran rufi. Ma'aikacin asibitin ƙauye kuwa ya zama mai iyayen gida da yawa: wani ofishi ya ɗauke shi aiki, wani ke biyansa, wani ke yi masa canjin wurin aiki, wani ke kawo masa allurar rigakafi. In abu ya lalace, kowa ya nuna ɗan'uwansa.

Don magance wannan aka fito da tsarin tara komai a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha a 2011, Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2015. An samu gyara, aƙalla yanzu an san ƙofar da za a buga. Sannan ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan hukunci ya sake ta da tsohuwar tambaya: in kuɗi sun koma hannun ciyaman, ma'aikata kuma suna hannun hukumar jiha, wa zai sayi auduga da safar hannu?

Ware kuɗi daban, sakin kuɗi daban

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta. Najeriya ce ta karɓi baƙin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika alkawarin ba. Yawancin shekaru tsakanin kashi 4 zuwa 6 take yawo. Jihar Kaduna ta fi ta ƙoƙari a takarda, domin a shekarun baya-bayan nan ta sha ware kashi 15 ko sama da haka.

A nan ne mai sauraron rediyo ya kamata ya buɗe kunne. Idan aka ce an ware biliyan kaza, niyya ce aka rubuta, majalisa ta amince. Bayan wannan sai an saki kuɗin daga baitulmali, kuma akan saki rabi, ko ƙasa da rabi, ko a sake su a watan Nuwamba lokacin da shekara ta riga ta ƙare. Bayan an saki, sai an kashe su a kan abin da aka ce. Matakai uku ke nan, kuma na farkon kaɗai ake yi wa shela. Albashi shi ne ya fi samun fita a kan lokaci, saboda ma'aikata suna da ƙungiya kuma suna iya yajin aiki. Kuɗin magani da na man janareta ba su da ƙungiyar da za ta yi musu magana.

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓun kansila 255. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta ɗauki manufar gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, ta kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin General Electric don samar da kayan aiki. A ganina manufar tana da kai, domin gara a samu guda ɗaya mai aiki dare da rana da a samu biyar da ba su da komai. Amma mazaɓar cikin garin Kafanchan ana iya zagaye ta a ƙafa, alhali wata mazaɓar a Kauru ko Kachia tana da ƙauyukan da rafi ke raba su da asibitin tun daga Yuli har Satumba. Ƙananan ɗakunan shan magani da ke waɗannan ƙauyuka ba sa cikin 255 ɗin, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Akwai kuma wani hali da 'yan siyasa da mu masu zaɓensu muka yi tarayya a ciki. Gini ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle, ana manna allo da sunan wanda ya kawo shi. Ba wanda ke taron buɗe albashin ungozoma ko batirin sola. Shi ya sa ɗan majalisa ya fi son ya gina sabon asibiti a ƙauyen da ya ba shi ƙuri'a, ko da na ƙauyen da ke maƙwabtaka ba shi da ma'aikaci. Mu kuma idan ya zo neman ƙuri'a, gini muke roƙo.

Asusun kashi ɗaya

Wannan sashe ku riƙe shi da kyau, domin shi ne kuɗin da ya fi kusa da hannunku.

A watan Oktoban 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta kafa wani asusu, wanda ma'aikata ke kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya kowace shekara. Doka ta zauna shekara huɗu ba a sa ko kwabo ba, sai a kasafin 2018 aka fara da kimanin naira biliyan 55.

Dokar ta faɗi yadda za a raba. Kashi 50 na biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani ta hanyar inshora. Kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki na yau da kullum. Kashi 15 na gyaran gini da na'urori da sufuri. Kashi 10 na horar da ma'aikata da samar da su. Kashi 5 na taimakon gaggawa. Ta kuma nemi jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kason kafin su ci moriyar asusun.

Sabon abu a tsarin shi ne wani ɓangare na kuɗin yana tafiya kai tsaye cikin asusun banki na asibitin mazaɓa, ba ya bi ta sakatariya. Mutum biyu ke sa hannu a cire: shugaban asibitin, wanda ake kira incaji, da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ɗan gari ne ba ma'aikacin gwamnati ba. Kowane wata uku sukan zauna su rubuta abin da za su yi da kuɗin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma incajin da ke Fadan Karshi ya fi wani darakta a Kaduna sanin ko famfo ne ya lalace ko gadon haihuwa.

To nawa ne kuɗin? Shekaru da dama abin da ke isa kowane asibiti kimanin naira 300,000 ne a wata uku. Mu yi lissafi tare. Naira 300,000 a raba uku, naira 100,000 ke nan a wata. A raba wa kwana 30, kimanin naira 3,300 a rana. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka cire tallafin man fetur, a farashin hukuma lita ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Wato kuɗin yini guda na asibitin da ke kula da dubban mutane ya koma kuɗin lita uku ta fetur. Daga cikinsa ake son a sayi magani, da sabulu, da ruwa, a gyara taga, a ba mai gadi da mai shara ɗan abin hasafi, a kuma zuba wa babur mai don kai rigakafi ƙauyukan nesa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga kuɗin zuwa tsakanin naira 600,000 da 800,000, gwargwadon yawan masu zuwa asibitin. An ninka, amma farashin magani shi ma bai tsaya jira ba. Ga kuma jinkiri: idan kuɗin wata uku na farko suka iso a wata na biyar, incaji ya riga ya ci bashi a kemis ko ya bar kanta ba kaya.

Ga misali, ba na wani asibiti takamaimai ba, irin abin da kowa a ajin nan zai iya cewa ya taɓa gani. Da hantsi wata uwa ta sauka daga babur da yaro goye, jikinsa zafi rau. Ma'aikacin da ke aiki malamin lafiya ne, amma duk ƙauyen likita suke ce masa.

"Sannu, Mama. Tun yaushe jikin nasa ya yi zafi?"

"Yau kwana uku ke nan, Likita."

"Ai da kin kawo shi tun shekaranjiya."

"Babansa ya kai masara kasuwa, sai jiya da dare ya dawo da kuɗin mashin."

Ya huda ɗan yatsan yaron, ya ɗiga jini a kan abin gwaji, layi biyu suka fito. Zazzaɓin cizon sauro ne. Ya ɗaga fatar idon yaron ya ga ta yi fari fat, alamar jini ya yi ƙasa. Maganin sha yana da shi, amma yaron amai yake, allura yake buƙata, ita kuma ta ƙare tun makon jiya. Ƙarin jini kuwa sai babban asibiti.

"Mama, sai dai ku wuce Kafanchan yanzu-yanzu. Kada ku koma gida."

Ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki, ta dube shi.

"Nawa za su ce a can?"

Ba shi da amsa. Ku lura, cikin wannan ɗan zance ba wanda ya yi sakaci da gangan. Kwana biyu sun tafi wajen neman kuɗin mashin, allura ta ƙare don kuɗin asusu ba su iso ba, babu motar ɗaukar mara lafiya, kuma abin da zai yanke hukunci a ƙarshe shi ne abin da ke ƙulle a bakin zane.

Aljihun mai jinya

A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya, fiye da naira 70 daga aljihun mara lafiya da danginsa take fitowa, a daidai lokacin da ciwon ya zo. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai haka. Ga ma'aikaci mai albashi abin da wuya, ga manomi kuwa ya fi, don kuɗinsa sau ɗaya ko biyu suke zuwa a shekara, ciwo kuma ya fi yawa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma abin da ke hannu ya tafi taki.

A Kachia da Jaba da Kagarko citta ce bankin gida. Buhun da aka ajiye shi ne kuɗin makaranta, shi ne kuɗin tiyata. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, manoma da yawa ko iri ba su fitar ba. Wannan asara ba a rubuta ta a littafin ma'aikatar lafiya ba, amma ta isa asibiti: wanda ya saba sayar da buhu biyu ya kai matarsa haihuwa ya koma sayar da akuya ko cin bashi. A shekarar ce kuma darajar naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin magunguna da dama ya ninka.

Maganin da masana suka daɗe suna bayarwa shi ne inshora, wato kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya, a yi wa wanda ciwo ya kama magani daga abin da aka tara. Wanda ya san adashi ko asusun zumuntar mata a coci ko na ƙungiyar masallaci ya riga ya san tushen abin, bambancin kawai a nan wanda ya kwanta ne ke ɗauka. Kaduna ta kafa hukumarta, KADCHMA, da dokar 2018, kuma dokar tarayya ta 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa daga albashi, shi ke nan. Manomi da mai sayar da ƙosai da ɗan acaɓa sai sun kai da hannunsu, kuma mutum ba ya kai kuɗi inda bai yarda da shi ba. Idan mai katin inshora ya je asibiti sau biyu aka ce babu magani ya je ya saya, ba zai sabunta katin ba, kuma zai gaya wa maƙwabta. A nan ne matsalolin biyu suke cin juna: babu magani don ba a tara kuɗi ba, ba a tara kuɗi ba don babu magani.

Haka alkawarin kyauta yake. Jihar Kaduna ta daɗe da shelar magani kyauta ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma a Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Abu ne mai kyau a ƙasar da ta fi kowace yawan mata masu rasuwa wajen haihuwa. Amma duk kyautar da aka yi wa mara lafiya, akwai wanda zai biya asibitin. In bai biya ba, kyautar takan tsaya a kati da ganin likita, saura a rubuta takarda.

Wa zai kwana a asibitin?

Kudancin Kaduna ba ta rasa masu koyon aikin lafiya ba. Akwai kwalejin jinya da ungozoma ta jiha a Kafanchan, ga makarantar ungozoma ta St. Louis a Zonkwa, ga makarantar koyon aikin lafiya ta Kagoro. Kowace shekara suna yaye ɗalibai. Wasu suna zaune a gida ba a ɗauke su aiki ba, wasu suna aikin sa kai a asibitocin gwamnati shekara da shekaru da fatan wata rana a sa sunansu, waɗanda suka samu hanya kuma sun wuce Abuja ko Ingila ko Saudiyya. Minista Pate da kansa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar zuwa bakwai.

An taɓa gwada kai ungozoma karkara da gaske. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura sababbin ungozoma da waɗanda suka yi ritaya zuwa asibitocin ƙauye. Yarjejeniyar ita ce tarayya ta biya naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 ta kuma ba da masauki. A wurare da yawa tarayya ce kaɗai ta riƙa biya, ita ma daga baya da jinkiri, ungozomomin suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shirin SURE-P da ya biyo baya a 2012 shi ma ya ɗauki ma'aikata, ya mutu da canjin gwamnati a 2015.

A yankinmu akwai ƙarin nauyi da bai kamata a ɓoye ba. Rikicin bayan zaɓen 2011 a Kafanchan da Zonkwa, hare-haren Godogodo a 2016, na Zangon Kataf da Kaura a 2020, na Kagoro a 2022, da satar mutane a hanyoyin Kachia da Kagarko, duk sun shafi asibiti. Nas ɗin da aka tura ƙauyen da ba ta da kowa, gidan ma'aikata ba katanga ba wuta, za ta kama haya a gari ta riƙa zuwa da safe tana komawa da la'asar. Ba na ganin laifinta. Sai dai naƙuda ta fi zuwa da dare. Kasafin da bai sa kuɗin masauki da katanga da alawus ɗin zaman karkara ba, ya biya albashin asibitin da ke rufe rabin yini.

Kuɗin baƙi

Maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, da gidan sauro, da kayan gwajin zazzaɓi, da maganin tarin fuka, da kaso mai yawa na alluran rigakafin yara, shekara da shekaru da tallafin ƙasashen waje ake samun su. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya dakatar da tallafin ƙasarsa, daga baya aka rushe USAID, hukumar da ke raba tallafin. Najeriya ta yi gaggawar ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin. Wannan ya nuna kuɗin suna iya fitowa in an matsu. Akwai kuma ƙungiyoyin gida, irin Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko a Kafanchan, wadda tun 1996 take haɗa ba mata rance da ayyukan lafiya. Irinsu suna toshe ɓaraka, amma ba su da ƙarfin riƙe mazaɓa 255.

Abin da ke faruwa idan aikin yau da kullum ya yi rauni mun gan shi a Yulin 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓulla a Kafanchan ta kashe yara. Rigakafinta yana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma kyauta ce. Amma kafin ta shiga cinyar jariri sai an samu firij mai sanyi, da wanda zai ɗauke ta, da man babur, da uwar da aka yi wa bayani ta yarda. Bayan ɓarkewar cuta motoci da jami'ai sukan zo da yawa, a kashe ninkin abin da rigakafin zai ci.

Kwamitin mazaɓa

Kasafin tarayya ya yi mana nisa, na jiha ma haka. Kwamitin ci gaban mazaɓa kuwa mutanenmu ne: wakilin hakimi ko dagaci, malamin addini, shugabar mata, wakilin matasa, malamin makaranta. Tun da shugabansa na sa hannu a kuɗin asibiti, yana da ikon sanin ranar da suka shigo da abin da aka saya. Inda kwamiti ke zama da gaske, akan ga lissafin a manne a bango, a ga an yi magana da direbobin tasha an ajiye lambar wanda za a kira in naƙuda ta zo da dare. Inda kansila ya cika shi da yaransa, sa hannu kawai ake zuwa yi. A garuruwan da rikici ya raba unguwanni, yana da kyau a duba ko kwamitin ya haɗa Kirista da Musulmi, da manoma da Fulanin ruga, domin ɓangaren da ba shi da wakili shi ne ake mantawa da shi ranar fita rigakafi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ware kuɗi, da sakin kuɗi, da kashe kuɗi? Kawo misali daga wani aiki da aka taɓa yi wa garinku alkawari.

2. Idan asibitin mazaɓa ya samu naira 600,000 a wata uku, nawa ke nan a wata, nawa a rana? Kwatanta da farashin litar fetur a garinku yau.

3. A labarin uwa da yaro, a waɗanne wurare ne rashin kuɗi ya jawo jinkiri? Wanne ne mutanen gari za su iya magancewa da kansu, wanne ne sai gwamnati?

4. Da za a ba manomi zaɓi, a wane wata ya fi masa sauƙin biyan kuɗin inshorar shekara? Me ya sa?

Aikin gida

Ku rabu uku-uku, kowane rukuni da mace aƙalla ɗaya. Ku je asibitin mazaɓarku ranar da ba ta awo ko rigakafi ba, don kada ku tsare ma'aikata. Ku gaisa da incaji, ku gaya masa daga ajin yaƙi da jahilci kuke, ba bincike aka turo ku ba. Ku tambaye shi ko asibitin yana cikin masu samun kuɗin asusun kashi ɗaya, yaushe suka shigo na ƙarshe, ma'aikata nawa ne masu albashi, nawa ne 'yan sa kai, kuma wa ke kwana. Ku nemi sunan shugaban kwamitin mazaɓa da ranar da suke zama. Ku rubuta amsoshin a littafinku ku kawo aji mako mai zuwa, za mu jera na kowace mazaɓa a kan allo.